Yadda Ake Saita Na'urar DVR Ta Hannu Ba Tare Da Biyan Kuɗin Wata Ba

Yau za mu yi magana ne a kan na'urar DVR, wato akwatin nan da ke naɗar bidiyon kyamarorin tsaro a shago ko gida ko ofis. Matasa da yawa masu shagon POS, wurin cajin waya ko kantin kayan masarufi suna son saka kyamara, amma kuɗin sabuwa yana hana su, sai su koma ga ta hannu. Tambayar da ke biyo baya kullum ita ce: idan na saya, sai na riƙa biyan kuɗi duk wata kafin ta yi aiki?

Amsar ita ce a'a. DVR ta kyamarar tsaro tana naɗar bidiyo ne a kan faifan ajiyar da ke cikinta, wanda 'yan kasuwa ke kira had-dis. Ba ta buƙatar kuɗin wata, ba ta ma buƙatar intanet kafin ta yi wannan aiki. Abin da ya kamata ya dame ka game da ta hannu wani abu ne daban: na'urar ba ta zama taka ba har sai ka cire hannun tsohon mai ita daga cikinta. Idan ba ka yi haka ba, ƙila ka saka kyamara a shagonka, wani can da ba ka sani ba yana kallon aljihun teburin da kake ajiye ciniki. Wannan darasi zai bi da kai daga kasuwa har zuwa lokacin da za ka ga shagonka a wayarka.

Ka tabbata wace irin DVR ce

Ana kuma kiran na'urorin naɗar shirye-shiryen talabijin da sunan DVR, irin su TiVo da ta fito a Amurka a 1999. Irin waɗannan a ɗaure suke da kamfaninsu. Haka ma dikodar DStv Explora, naɗar shiri da kallon abin da aka naɗa suna tafiya ne da biyan kuɗi. Idan aka kawo maka irinsu a matsayin na hannu, ba su ne muke magana a kai ba.

Wadda muke nufi za ka gane ta daga bayanta. Tana da ramuka masu zagaye da ake murɗa kebul ɗin kyamara a ciki, ana kiransu BNC, guda 4 ko 8 ko 16. Akwai ramin HDMI da na VGA don haɗa talabijin, ramin LAN don haɗa rauta, ramukan USB, da wurin saka wuta mai 12V. Idan ka ga babu ramukan BNC sai na LAN kawai, to NVR ce, ita kuma da kyamarorin IP take aiki, saitinta daban ne. Kamfanonin da aka fi gani a kasuwanninmu su ne Hikvision da Dahua, sai marasa fitaccen suna waɗanda yawancinsu ke aiki da manhajar XMEye.

Abin da za ka duba kafin ka ba da kuɗi

Kada ka sayi DVR ta hannu a cikin leda. Ka ce a kunna maka ita a gabanka, a haɗa da talabijin da maus, sannan ka duba waɗannan abubuwa.

1. Kalmar sirrin admin. Mai sayarwa ya shiga da ita kana gani, kai ma ka gwada da hannunka. Idan ya ce ya manta, ka san cewa wahala za ka saya. A Hikvision, dawo da kalmar sirri na iya kai ka ga fitar da wani fayil da manhajar kwamfuta mai suna SADP, ka aika wa dillalin kamfani ka jira amsa. A Dahua kuma lambar buɗewa tana tafiya ne zuwa imel ɗin da aka ajiye a cikin na'urar, wato imel ɗin tsohon mai ita.

2. Ko tana ɗaure da asusun wani. Na'urar Hikvision tana ɗauruwa ne da asusun Hik-Connect guda ɗaya. Idan tsohon mai ita bai goge ta daga asusunsa ba, manhajar za ta ce maka wani ya riga ya saka ta. Hanya mafi sauƙi ita ce ya goge ta daga wayarsa kana tsaye.

3. Kowane ramin kyamara. Ka ɗauki kyamara ɗaya mai aiki ka gwada ta a ramuka ɗaya bayan ɗaya. Tsawa da wutar da ke zuwa da ƙarfi kan ƙona rami ɗaya su bar sauran, kuma ba za ka gane da ido ba.

4. Lafiyar faifan ajiya. A ɓangaren kula da faifai akwai shafi mai suna S.M.A.R.T. Ka nemi layin Power-On Hours, shi ne adadin awannin da faifan ya yi yana aiki. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, don haka faifan da ya nuna awa 26,000 ya yi kusan shekara uku bai huta ba. Ka duba kuma Reallocated Sector Count. Idan ainihin adadinsa ya wuce sifili, faifan ya fara samun wuraren da suka lalace. Idan kana jin ƙara ƙas-ƙas daga cikinsa, ka yi ciniki a kan akwatin kawai ka nemi wani faifan.

5. Adafta. Ka karanta sitikar da ke ƙarƙashin na'urar ka kwatanta da abin da ke jikin adaftar. Adafta mai ƙarancin ƙarfi kan sa na'urar ta kunnu amma faifan ya kasa juyawa, sai ka zaci faifan ne ya mutu.

6. Rasit. Ɓarayin da suka fasa shago sukan tafi da DVR don ɓatar da shaida. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar siriyal ta na'urar da sunan wanda ya sayar maka. Wanda bai san kalmar sirri ba, bai san inda aka ciro ta ba, kuma yana sauri ya karɓi kuɗi, ka bar masa kayansa.

Idan kyamarorin daban za ka saya, ka duba ko yarensu ɗaya da na'urar. Hikvision ta fi amfani da TVI, Dahua da CVI, wasu kuma da AHD, sai tsohon tsari mai suna CVBS. Sababbin na'urori suna karɓar dukkansu, amma tsofaffi ba haka ba. Idan ba su dace ba, za ka ga hoto baƙi da fari yana rawa, ko allo baƙi ƙirin. Haka kuma na'urar da iyakarta megafiksel 2 ba za ta nuna kyamara mai megafiksel 5 ba sai an rage wa kyamarar ƙarfi.

Mataki na farko: haɗa kaya a kan tebur

Kafin ka hau tsani ka fara huda bango, ka haɗa komai a ƙasa. Idan babu faifai a ciki, ka cire wuta, ka kwance murfin, ka ɗaure faifan SATA mai inci 3.5, ka haɗa kebul ɗinsa biyu, na wuta da na bayanai. Faifan da aka ƙera don kyamara, kamar WD Purple ko Seagate SkyHawk, ya fi na kwamfuta juriya domin an yi shi ne ya riƙa rubutu dare da rana. Ka haɗa talabijin ta HDMI, ka saka maus, ka haɗa kyamarori, sannan ka kunna. Kada ka haɗa kebul ɗin rauta tukuna. Sai ka gama tsaftace na'urar za ta shiga intanet.

Mataki na biyu: mayar da ita yadda ta fito daga kamfani

Ka shiga da kalmar sirrin da aka ba ka, ka nemi ɓangaren Maintenance ko System, sannan Default. A Hikvision za ka ga zaɓi fiye da ɗaya. Wanda ake kira Restore Defaults yana barin asusun masu amfani da saitin intanet yadda suke, don haka bai wadatar ba. Ka zaɓi Factory Defaults, shi ne ke share komai. Na'urar za ta mutu ta sake kunnuwa, ta nemi ka ƙirƙiri sabuwar kalmar sirri.

Ka saka wadda ta kai haruffa 8 ko fiye, haɗe da manyan baƙaƙe da ƙanana da lambobi. Kada ka saka lambar wayarka ko sunan shagon. Tsofaffin na'urori suna zuwa da kalmar sirrin kamfani da kowa ya sani, kamar 12345 ko admin ko 888888. Wannan sakaci ya taɓa jawo babbar ɓarna. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa bin kyamarori da DVR a intanet tana gwada irin waɗannan kalmomi, ta mamaye dubban ɗaruruwa. A watan Oktoba na shekarar aka yi amfani da su wajen kai hari kan kamfanin Dyn na Amurka, har shafuka irin su Twitter da Netflix suka daina buɗewa ga mutane da yawa na wasu awanni. Masu na'urorin ba su ma san da kayansu aka yi aikin ba.

Bayan haka ka yi abubuwa uku. Ka saka imel ɗinka a wurin dawo da kalmar sirri. Ka amsa tambayoyin tsaro da amsoshin da kai kaɗai ka sani. Ka shiga ɓangaren User ka tabbata babu wani suna sai admin. Idan yaron shago zai riƙa kallo, ka buɗe masa asusu daban wanda ba zai iya goge bidiyo ko canza saiti ba.

Mataki na uku: fomatin faifai

Ka shiga Storage ko HDD, ka zaɓi faifan, ka danna Init ko Format. Wannan zai share duk tsohon bidiyon da ke ciki. Kada ka zauna kallon bidiyon gidan mutane ko ka tura wa abokai, amana ce ta faɗo hannunka. Idan na'urar tana ta ƙara ƙit-ƙit ba tsayawa, mafi yawan lokuta faifan ne bai hau ba ko ba a yi masa fomatin ba. Ka kunna Overwrite, domin idan faifan ya cika ya riƙa goge mafi tsufa yana ɗora sabo. Idan ba ka kunna ba, ranar da ya cika naɗi ya tsaya, kai kuma ba ka sani ba.

Mataki na huɗu: gyara lokaci

Mutane suna raina wannan mataki, alhali bidiyo mai kwanan wata na ƙarya ba ya da ƙarfi idan magana ta kai ga 'yan sanda ko kotu. Ka zaɓi GMT+1, lokacin Najeriya da Nijar ke nan, wanda ke Ghana kuma ya zaɓi GMT. Ka kashe DST domin ba ma canza agogo da rani ko damina. Sannan ka gwada: ka cire wuta na minti biyar ka mayar. Idan kwanan watan ya koma wata tsohuwar shekara, ƙaramin batirin da ke kan allon na'urar ne ya mutu. Batiri ne mai kama da kwabo, lambarsa na rubuce a jikinsa, ana samunsa wurin masu gyaran agogo ko kwamfuta. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa sau da yawa a rana, wannan batiri ba abin wasa ba ne.

Mataki na biyar: kwana nawa faifan zai ɗauka?

Ga lissafi mai sauƙi. A ce kyamara ɗaya tana naɗa da nauyin megabit 2 a daƙiƙa. Wannan ya kama megabait 900 a awa, wato kusan gigabait 21.6 a rana. Kyamara huɗu sun ci gigabait 86 ke nan a rana. Faifai mai terabait 1 zai cika a kwana 10 zuwa 11. Ma'ana idan aka yi maka sata ba ka lura ba sai bayan mako biyu, bidiyon ya riga ya tafi.

Akwai hanyoyi biyu na ƙara kwanakin. Ta farko, idan na'urar tana da tsarin H.265, ka zaɓe shi maimakon H.264, yana iya rage nauyin da kusan rabi ba tare da hoton ya lalace ba. Ta biyu, ka sa wasu kyamarorin su riƙa naɗa sai sun ga motsi. Wannan ya dace da sito ko bayan gida da ba a yawan bi. Amma kyamarar da ke kallon ƙofa da wadda ke kallon wurin kuɗi, ka bar su suna naɗa ba tsayawa, domin tsarin gane motsi yakan makara ko ya tsallake daƙiƙun da ka fi buƙata.

A nan aikin naɗi ya kammala. Ko ba ka haɗa intanet ba, na'urarka tana aiki, kuma ba ka biya kowa ko sisi ba.

Mataki na shida: kallo a waya

Yawancin DVR ba su da Wi-Fi, sai an haɗa su da kebul. Don haka kana buƙatar rauta mai ramin LAN. Ƙaramar MiFi ta aljihu yawanci ba ta da shi. Ka haɗa kebul daga rauta zuwa DVR, ka shiga Network ka kunna DHCP don na'urar ta karɓi adireshi da kanta.

A Hikvision ka nemi Platform Access, ka kunna Hik-Connect, ka ƙirƙiri lambar tabbatarwa ta kanka, ka jira ya nuna Online. A Dahua sunan shafin P2P ne, manhajar kuma DMSS. Ka sauke manhajar daga hanyar da kamfanin ya tanada, kada ka karɓi fayil ɗin da wani ya tura maka ta WhatsApp. Ka buɗe asusu da imel ko lambar wayarka kai da kanka, sannan ka ɗauki hoton lambar QR da ke kan allon talabijin. Idan mai gyara ne ya saita maka, kada ka yarda ya saka na'urar a asusunsa ya ba ka aro. Asusunka ne zai zama mai ita, kai ne za ka raba wa wanda ka ga dama.

A nan ne matsalar na'urar hannu kan fito. Mayar da na'ura yadda ta fito daga kamfani ba ya cire ta daga asusun Hik-Connect na tsohon mai ita, domin ɗaurin yana can a rumbun kamfanin ne. Idan manhajar ta ce an riga an saka ta, ka haɗa wayarka da Wi-Fi na rautar da DVR take kai, ka zaɓi Unbind, ka saka kalmar sirrin admin. Ana iya yin haka da SADP a kwamfuta ma. Sai ka sake saka ta a asusunka.

Kallon kai tsaye da duba tsohon bidiyo ta waɗannan manhajoji kyauta ne. Abin da ake biya shi ne ajiye bidiyo a rumbun kamfani, kai kuma kana da faifanka. Idan talla ta fito tana nuna maka tsarin wata-wata, ka wuce abinka.

Wasu tsofaffin darussa za su ce ka buɗe ƙofofin rauta don ka shiga kai tsaye. Da layin waya wannan ba kasafai yake aiki ba, domin kamfanonin sadarwa suna haɗa mutane da yawa a kan adireshin intanet ɗaya. Ko da zai yi aiki, buɗe tsohuwar na'ura ga duk duniya haɗari ne. Ka kashe UPnP a cikin DVR, ka tsaya a kan manhajar.

Maganar data

Babu kuɗin wata, amma akwai kuɗin data. Idan ba wanda ke kallo, abin da na'urar ke ci kaɗan ne ƙwarai. Da zarar ka buɗe kyamara a waya, data na tafiya ta ɓangare biyu: rauta tana aikawa, wayarka tana karɓa. Hoto mai cikakken haske a megabit 2 zai ci megabait 900 a awa a kowane ɓangare. Ƙaramin hoto, wanda manhajar ke kira SD ko Basic, idan yana kan kilobit 512 zai ci kusan megabait 230 a awa. Don leƙa shago ƙaramin ya isa. Ka ajiye babban don lokacin da kake son gane fuska. Kuma idan data ta ƙare, naɗi bai tsaya ba, kallon nesa ne kawai ya tsaya.

Wuta da wurin ajiyewa

Kyamarar da ke mutuwa idan an ɗauke wuta ba ta tsare komai, domin ɓarawo ma duhu yake jira. DVR da kyamara huɗu ba su cin wuta sosai. A ce duka sun ci wat 40 da dare. Batiri mai 12V 100Ah yana ɗauke da kusan wat-awa 1,200, idan ka yi amfani da rabinsa don ya daɗe, ka samu kusan awa 15. Sai dai kada ka haɗa DVR kai tsaye da batirin da ake caji, domin ƙarfinsa kan haura 14V, wannan kuma na iya ƙona faifan. Ka bi ta inbata, ko UPS, ko na'urar da ke tsayar da wuta a 12V daidai. Ka haɗa rautar ma a kai.

Ka ajiye akwatin inda iska ke shiga, nesa da rana da kwanon rufi. Lokacin hunturu ka riƙa hure ƙurar da ke toshe ramukan iskarsa. Kada ka ɗora shi a kan kanta inda kowa ke gani. Ka ɓoye shi a wuri mai makulli, talabijin kawai ya kasance a fili. Wajen kafa kyamara kuma, ka karkata ta ga ƙofarka da kayanka. Kada ta leƙa cikin gidan maƙwabci, kada a saka ta a banɗaki ko ɗakin canza kaya, kuma ka sanar da ma'aikatanka cewa akwai ta.

Gwajin ƙarshe

Kafin ka ce ka gama, ka wuce ta gaban kowace kyamara da rana, ka sake wucewa da dare. Washegari ka shiga Playback ka nemo kanka. Ka duba ko fuskarka tana ganuwa, ko lokacin ya yi daidai da agogon wayarka. Sannan ka saka filash mai tsarin FAT32, ka fitar da bidiyon minti biyu ta Export ko Backup, ka buɗe shi a kwamfuta ko waya. Na Dahua kan fito da ƙarshen suna .dav, wanda ke buƙatar manhajar kallo ta kamfanin, don haka idan akwai zaɓin MP4 ka ɗauke shi. Gara ka koyi wannan yau da hankalinka a kwance, da ka koya ranar da aka fasa maka shago hannunka na rawa.

Daga nan ka ware rana ɗaya a kowane mako, ko Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka buɗe bidiyon jiya na minti ɗaya ka tabbata na'urar tana naɗa. Idan wani abu ya faru, ka fitar da bidiyon a ranar ka ajiye shi a wuri biyu, kafin faifan ya ɗora sabo a kansa.

Idan ka maƙale a wani mataki, ka rubuto mana sunan na'urarka da lambar samfurinta da saƙon da take nunawa, amma kada ka turo kalmar sirri ko hoton lambar QR ɗinka ga kowa, har da mu. Sai mun haɗu a darasi na gaba, Allah ya tsare mana dukiyoyinmu.